Sunan Kakana Ya Gagari Bakin Kaka

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu a rediyo, Allah ya ƙara wa muryarka zaƙi.

Ni ne Sani Tela daga unguwar Briqueterie, Yawunde. Na je neman takardar ɗan ƙasa, akawu ya ce sai na kawo cikakken sunan kakana da shaidar a nan ya zauna.

Na tambayi Kaka, matarsa. Ta ce, "Kai, marar kunya! Shekara arba'in ban faɗi sunan Malam ba, sai yau don takarda?" Na kai mata goro, ta cinye, ta ce sunansa Malam.

Na tafi kasuwar shanu ta Etoudi wajen tsoffin abokansa. Dukansu da sunan Dogo suka san shi.

Ƙarshe liman ya ce in buɗe tsohon Alƙur'anin gidanmu. Ashe Kakan ne ya rubuta shi da hannunsa, da ka! Ga sunansa a shafin ƙarshe, Idrisu ɗan Mamman, ga sunan Yawunde. Takarda ta fito.

A gaishe min da Kaka. Malam, maimaita sunan da ƙarfi, tana gaban rediyo ta rufe fuska da mayafi kamar amarya.