Na Zaɓi Maganin Ƙoda, Na Bar Katin Zama

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai riƙe da numfashina. Ku bar kujerar nan, a tsaye zan yi magana!

Sunana Saratu, mai tuwo a unguwar Oloumi nan Gabon, bakin garejin makanikai. Hawan jini ya daɗe yana cina ban sani ba, sai da ƙafafuna suka kumbura, fitsari ya ragu, abinci ya koma ɗaci a bakina. Likita ya ce ƙodata ta gaji kuma ba za ta dawo ba, sai dai a lallaɓa ta da magani kar a kai ga wankin ƙoda, wanda ba na irinmu ba ne.

Ana cikin haka aka karya darajar kuɗin sefa. Maganin daga Faransa yake zuwa, kuɗinsa ya ninka. Katin izinin zamana a ƙasar ma ya mutu, daidai lokacin da jandarmomi ke kwashe baƙi a titi. Abin da ke hannuna ɗaya zai iya: kati ko magani.

Wasu da ke zaune a nan suka ce, "Saratu, ki koma gida ki mutu cikin dangi." Na yafe muku, amma ban zo Gabon don in mutu ba! Na sayi magani.

Ina fitowa daga farmasi aka tare ni, aka cusa ni a mota, aka ƙwace ledar maganin. Aka zuba mu a wani sito kusa da tashar jirgin ruwa, kafin a mayar da mu ƙasashenmu. Jikina ya cika da ruwa, in na kwanta numfashi ya ɗauke. Malam Isufu, direban tasi mutumin Nijar, Musulmi, wanda ke cin tuwo wurina, shi ma yana ciki. Ya naɗe rigarsa ya tokare mini baya.

"Yaya Saratu, ki daure," ya ce.

Na ce, "Malam, na gama daurewa. Ƙara zan kai."

Durƙuso ya gagare ni, sai na dafa bango. Na ce, "Ubangiji Yesu, kai ka yi ƙodar nan. In za ka ɗauke ni, ka ɗauke ni da hannunka, amma ba zan mutu don takarda ba. Na ƙi!"

Tsoro ya sake ni nan take. Na ja jiki har gaban babban jandarmomin, na ɗage zani, na danna yatsa a ƙwaurina. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Na ce Malam Isufu ya gaya masa da Faransanci: "In ka sa ni a jirgi, gawa za a sauke, kuma da sunanka."

Ya daka mini tsawa in koma. Ban motsa ba. Ya dubi ramin, ya dube ni. Sai ya sa aka nemo ledata, aka kai ni asibiti. Haleluya! A can aka janye ruwan, kuma matan zumunta na cocin nan suka haɗa hannu suka sabunta mini kati.

Malam Isufu kuwa an tafi da shi. Ban sake jin labarinsa ba. Ku sa shi a addu'a.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban warke ba. Jinina yakan yi ƙasa, ƙaiƙayi yakan hana ni sakat, ruwa ma da awo nake sha. Ina dafa miyar da ba ni da ikon ci saboda gishiri. Amma kowace safiya ni ke hura wuta a Oloumi, ciwon nan yana gani!

Na gode wa Ubangiji. Kai mai ciwo, kar ka bari kowa ya yi maka jana'iza da baki. Ka sha maganinka, ka riƙe Yesu gam, ka miƙe. Amin!