Ni Na Shirya Tafiyar Ghana, Amma Ban Yi Niyyar Shiga Motar Ba

'Yan'uwana, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Wanda bai san ni ba, sunana Saratu, daga wani ƙauye bayan 'Yankara. Yau na miƙe da fahariya, ba zan ɓoye muku ba, amma fahariyata cikin Ubangiji take. Halleluya!

Shekara huɗu ban shiga mota ba. Ni da nake fatauci, nake zuwa har Kwatano saro atamfa! Wata rana muna dawowa daga Funtua, 'yan bindiga suka tare mu a kwanar da ke kusa da ƙaramar gada. Na kwanta cikin gonar dawa har suka tafi. Ko ƙwarzane ban samu ba, amma tun daga ranar, in na ji ƙarar mota kusa da ni, sai in shige ɗaki in ja ƙofa.

Ɗiyata Rifkatu ta haihu a Funtua, aka sa wa jaririyar sunana. Ban je suna ba. Mijinta ya ce ba za a bi da yarinya ta wannan hanya ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Takwarata ta yi shekara uku, a waya kawai take jin muryata. In aka tambaye ni, sai in ce ƙafa ce ke damuna. Ƙarya nake yi, ƙafata ƙalau take. Tsoro ne ya ɗaure ni.

Sai ga gayyata ta zo wa zumuntar matanmu, a zo taron mata masu bi a wani gari na bakin teku a Ghana. Mata goma sha takwas suka ba da suna, daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Yawancinsu ko Kaduna ba su taɓa wucewa ba. Shugabarmu Mama Ladi ta ce, "Saratu ta san hanya, ita za ta shirya mu." Na karɓa da hannu biyu. A raina na ce zan shirya su tsaf, in raka su bakin mota, in dawo ɗakina.

Kuma na shirya su! Daga kan tabarmata, da waya a hannu. Na tura su Katsina rukuni-rukuni suka yi fasfo. Na ce kowa ta je a yi mata allurar shawara ta karɓo katinta, kuma sai allurar ta kwana goma kafin a tashi. Wata 'yar'uwa daga Ketare, ba zan faɗi sunanta ba tana nan zaune tana dariya, ta ce ai akwai mai sayar da katin ba sai an sha allura ba. Na ce mata, "'Yar'uwa, taron Ubangiji za ki da katin ƙarya a jaka? In sauron can ya cije ki, katin za ki nuna mashi?" Ta je ta sha allurarta.

Na kira matar da za ta sauke mu a can, na yi mata tambayar da ba wanda ya tuna da ita: in an yi wanki, yana bushewa? Ta yi dariya ta ce wani lokaci kwana biyu yana rataye da danshinsa. Mu nan mun saba ki wanke zane da hantsi, kafin azahar ki ɗaura. Da mun je da anko ɗaya-ɗaya, da jiƙaƙƙen zane za mu yi waƙa gaban baƙi. Na sa kowa ta ɗinka biyu, na yadi mara nauyi. Garin kunu da ƙuli-ƙuli na ce a zuba cikin roba mai murfi, don a leda laima za ta lalata su. Gidan sauro, maganin zazzaɓi, takalmin roba, duk na lissafa. Na gaya masu iyaka uku za a ƙetare, kowa ta riƙe fasfonta a jikinta, ba a cikin kayan da ke saman mota ba.

Sai doka ta ƙarshe, wadda ku duka kun san dalilinta. A ƙasarmu yanzu ba a faɗin ranar tafiya, don ba ka san kunnen da zai kai wa mutanen daji labari ba. Na ce ba za a rubuta rana a takarda ba, ba za a tura ta waya ba. Matan Sabuwa su fito daban, na Ƙanƙara daban, mu daban, ba anko, kowa da shigar zuwa kasuwa, a haɗu a Funtua da rana tsaka. Wace mota, wane direba, inda za a kwana a hanya, wanda zai tarbe mu a kowace iyaka, duk a kaina kaɗai suke.

Saura kwana uku na je gidan Mama Ladi da safe, na same ta tana tankaɗe. Na ce, "Mama, na zo in juye maki komai, don ni ƙafata ba za ta bar ni ba."

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Mi za ki juye mani? Ni da ban iya karatu ba, kaina kuma ya tsufa. Ke kika hana a rubuta. Fasfonki na fatauci ya mutu?"

Na ce bai mutu ba.

"Allurar shawara fa?"

Na ce an yi mani tun tuni.

"To ɗiyata, ba ƙafa ba ce, duk mun sani. Mun yi shiru ne don kunyarki. In ba ki tahi ba, ba mai tahiya."

'Yan'uwa, na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da hannuna na ɗaure kaina! Na fashe da kuka a tsakar gidanta. Muka durƙusa nan kusa da turmi, hannunta duk gari, ta dafa kaina. Ban yi doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, ka fid da jikina daga gonar dawan nan, amma zuciyata tana can kwance. Ka je ka ɗauko mani ita." Iyakar abin da na iya faɗi ke nan.

Ba zan ce maku na tashi tsoro ya tafi ba. Ranar tafiya na tsaya bakin mota na kasa shiga. Direbanmu Malam Sani, maƙwabcinmu ne Musulmi, ya san labarina tun farko. Ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Maman Rifkatu, nan na aje maki. Ki yi taki addu'ar, in yi tawa, Allah shi kai mu lahiya." Na ɗaga ƙafar nan da na yi shekara huɗu ina yi wa sharri, na shiga.

Da muka doshi kwanar gadar, na so in rufe ido. Mama Ladi ta miƙo hannu daga baya ta riƙe kafaɗata. Na buɗe ido na duba. Gona ce kawai, an shuka masara bana, wani tsoho yana noma. Muka wuce. Ku yabi Ubangiji!

Daga nan bakina ya buɗe. Ni ce gaba a kowace iyaka, ina ƙirga matana kamar kaza da 'ya'yanta. Ba wadda aka tsare, ba wadda ta ɓata, ba wadda ta kwanta ciwo. Matan wani gari da suka zo da anko ɗaya, ranar rufe taro da ɗanyen zane suka fito, mu kuwa fes! Na tsaya bakin teku ruwa yana dukan ƙafata, matan Sabuwa suna ihu suna gudu baya, na yi dariya har da hawaye.

Amma ba teku ba ce shaidata. A dawowa na ce wa Malam Sani ya sauke ni a Funtua. Rifkatu ba ta san na fita ba, don ko ita ban gaya wa rana ba. Na yi sallama a ƙofar gidanta. Wata 'yar yarinya ta leƙo, ta ɓuya bayan labule, ba ta san fuskata ba. Na ce, "Takwara, ina mamanki?"

Ta saki labule ta ruga ciki tana ihu, "Mama! Kaka ta fito daga cikin waya!"

Na gode wa Yesu da ya ɗauko mani zuciyata. In akwai wanda ke zaune nan yana cewa ƙafa ce, alhali ya san ba ƙafa ba ce, ɗan'uwana, 'yar'uwata, ka faɗa wa Yesu gaskiya, ka dogara gare shi. Ni kwana biyar na yi a Funtua, takwarata a bayana. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin!