Facin da Ya Ƙi Ɓarewa

Wata mata tana zaune a ɗakin jira na likitar haƙori, ɗanta na ciki, sai wani dattijo da ke gefenta, dafe da kumatu, ya juyo.

"'Yata, cire wa yaron za a yi?"

"A'a, Baba. Shafi ake yi wa haƙoran taunarsa don kada su ruɓe. Na bara ya ɓare, wai miyau ya jiƙa wurin. Yau gam za a fara sawa, likita ta ce zai fi daɗewa."

"Kai, sana'ata ke nan! Ni mai facin taya ne. A kankare, a busar, a shafa gam, sannan a ɗora faci."

Ta yi dariya. "To kai me ya kawo ka?"

"Rami ne a haƙorina. Na ce kullum ina toshe ramukan mutane, nawa zai gagare ni?"

"Baba! Ba dai da gam ɗin taya ba?"

"Na kankare, na busar, na shafa. Tun ranar ko ruwa da kyar nake sha."

"Ya ɓare ke nan?"

"Ina! Aikina bai taɓa ɓarewa ba, 'yata. Shi ya sa na zo a ɓare min."