Ranar Da Ruwa Ya Wuce Alamar Babana

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Halleluya!

Ni ne Istifanus, mai noman shinkafa a fadamar Faru. Kun san ni da taurin kai, Rifkatu matata ta fi ku sani.

A bayan gidanmu akwai wata tsamiya. Marigayi babana ya yi mata alama da gatari daidai inda ambaliya ta taɓa tsayawa, ya ce ruwa ba ya wuce nan. Sama da alamar na gina rumbuna. Abincinmu na shekara da irin shuka, duk suna ciki.

Bana mai unguwa ya zagaya da shela. Ya ce hukuma ta aiko, damina ta canza hali, na ƙasa-ƙasa su kwashe hatsi su kai tudu. Na yi dariya. Maƙwabcina Malam Garba ya kwashe nasa, har na tsokane shi, na ce tsoro ya kama dattijo. Rifkatu ta roƙe ni har da kuka, na ce babana ya fi hukuma sanin ruwa.

Ranar wata Talata da rana tsaka, ko ɗigo ba a yi a wurinmu ba, sai ga ruwa daga gabas, ja wur! Kafin in ɗaure wando ya shanye alamar. Wayyo!

Na durƙusa cikin laka na ce, "Ya Ubangiji, na dogara ga itace na bar ka. Ka gafarta mini, kada yarana su kwana da yunwa saboda wautata."

Ban kai ga amin ba na ji ƙarar amalanke. Malam Garba ne da shanunsa biyu, mutumin da na yi wa dariya!

Ya ce, "Istifanus, mi kaka jira? Tashi mu kwashe!"

Muka fasa rumbu, Rifkatu na ɗurawa a buhu muna lodi. Muna ɗora na ƙarshe, rumbun ya zube a gabanmu. Ko mudu ɗaya bai salwanta ba! Na yi ta dariya ina hawaye.

Yanzu ni ke bin mai unguwa gida-gida idan an aiko da gargaɗi. Ku ji, ku kwashe, ku dogara ga Allah. Alamar babana ta nutse, amma Yesu bai bar ni na nutse ba. Godiya ta tabbata gare shi. Amin!