Ragowar Sirof a Firij

Raji: Salamu alaikum. Iya Sumayya, kina ji na?

Fausat: Wa alaikumus salam. Baban Sumayya, ina kwana?

Raji: Lafiya lau. Ya kwanan asibiti? Ya sauro?

Fausat: Sauron Sabon Gari ai ba ya jin magiya. Ya gida? Ka karya kuwa?

Raji: Na sha shayi wajen Baffa. Ya mai jiki?

Fausat: Da sauƙi, alhamdu lillahi.

Raji: Kwana tara ke nan kullum da sauƙi kike ce min. Don Allah ki gaya min gaskiya.

Fausat: Na yau na gaske ne. Tun jiya da la'asar zazzaɓin bai...

Raji: Me? Alo? Muryarki tana yankewa!

Fausat: Tsaya in matsa bakin taga. Na ce zazzaɓin bai dawo ba! Da safen nan ta tashi zaune, ta ture kofin koko, wai ita amala za ta ci.

Raji: Allahu akbar! Sumayya ce ta nemi abinci da bakinta?

Fausat: Har da tura baki. Kai, kuka kake yi?

Raji: Wane kuka? Hayaƙin janareton maƙwabta ne. To yau za a sallame ku? In taho da adaidaita?

Fausat: Ina! Saura allurar kwana huɗu. Dakta Onyedika ya ce ko rawa ta tashi tana yi sai ta ƙarasa. Ka manta abin da gwajin jinin ya nuna? Magani uku muka ɗura mata a gida, ashe ƙwayar cutar ta saba da su duka, ko gezau. Wannan allurar ce kaɗai ta kama ta.

Raji: Shi ke nan, ko wata ne ma yi. Af, na tuna! Ga maƙwabciyarki Gumsu nan tsaye a ƙofa. Ɗanta Khalifa ya kwana da zazzaɓi, wai in ba ta ragowar jan sirof ɗin nan na firij, yadda kuka saba.

Fausat: Kar ka ba ta!

Raji: Haba, Iya Sumayya. Matar da take aiko min da tuwo tun ranar da aka kwantar da ku? Ai sai ta ce rowa muka yi mata.

Fausat: Don ina ƙaunarta ne. Buɗe firij ɗin, kwalba nawa ka gani?

Raji: Bari in gani... ikon Allah! Biyar. Ga wata ma tun ta ƙaramar salla.

Fausat: Kuma kowacce rabi ce. Da yarinya ta ɗan warware sai in rufe in ajiye, ni a dole mai tattali. Da na gaya wa likita, ya ce irin wannan yana cikin abin da yake ƙara wa cuta taurin kai. Wallahi kunya kamar in nutse. Na kwana biyu ina jin ni na jawo mata.

Raji: A'a, kar ki ɗauki kayan ke kaɗai. Wa yake biyawa kemis ya sayo ba takardar likita? Ba ni ba ne?

Fausat: To mu biyu ne. Allah ya rufa mana asiri, kar mu ɗora wa ɗan mutane. Ka zuba su duka a leda ka taho da su, a nan za a san yadda za a zubar. Ka ɗauko Gumsu da yaron a adaidaita ɗaya, a duba shi.

Raji: Ai tana jin ki, muryarki har tsakar gida. Ta ce bari ta goya shi ta ɗauko mayafi.

Fausat: Madalla. Ke, sakar min waya, za ki cire robar allurar da ke hannunki! Ga ta nan, ta ƙwace.

Sumayya: Baba!

Raji: Na'am, uwata! Na'am!

Sumayya: Ka kawo amala. Da nama babba.

Raji: Har biyu, in sha Allahu.

Sumayya: Ka zo da Khalifa. Akwai gado kusa da nawa, ba kowa.

Raji: Subhanallahi! A'a, uwata, gadon nan gara ya zauna ba kowa. Ba wa mamanki wayar, katina ya kusa... Alo? Alo?