Ɗinki Sittin da Huɗu na Buwa

Injin markaɗena na sayar na tafi Saudiyya, da 'yan kunnen zinaren da uwata ta bar min. Ke Rukayya ba ki san injin ba, a zauren nan yake, daidai inda Nura ke jingine babur. Injin ne ya riƙe gidan nan bayan rasuwar kakanku. Ranar da mai saye ya zo da kura ya kwance shi, ko leƙawa ban yi ba, ina ciki ina ɗaure kayana.

To, tun jiya kin dame ni, wai in zaɓa miki, ki bi ejan zuwa Riyad ko ki tsaya ki ƙarasa karatun jinya. Na ce ba zan zaɓa ba, kin kumbura baki. Uwarki ma ta ce tun da na dawo na canza, da ni ce mai raba wa unguwa shawara ko ba a tambaye ni ba. Gaskiya ta faɗa. Ku matso, har kai Nura, ajiye wayar nan, ku ji dalili.

A shagon ɗinkin mata na yi aiki a Riyad, a unguwar Shifa. Su mashagal suke cewa, ni kuwa wata uku ina cewa mashaƙa, ana dariya. Mai shagon, Ummu Fahad, ita ce kafil ɗina, wato wadda zamana a ƙasar yake hannunta. Ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya hutawa. Yalla yalla da safe, yalla yalla da yamma, wato yi sauri. Ran nan na ce mata, "Madam, allura ba ta jin Larabci, in kin matsa mata yatsana za ta ci." Ta ce, "Asabe, harshenki ya fi almakashinki kaifi." Na ce, "Shi kaɗai na zo da shi daga gida, shi ne ba ki saya ba." Tun daga nan muka san juna.

Ina shekara ta shida aka kawo Buwa. 'Yar ƙasar Tailan ce, gajera, hannunta kamar na yarinya, amma in ta kama rigar amarya sai ka rantse ba hannu ya yi ba. Mutanensu sun daɗe ba sa zuwa aiki Saudiyya, wai wata tsohuwar rigima ce tsakanin gwamnatoci, daga baya aka shirya. Ɗaki ɗaya aka ba mu a saman shagon. Da farko na ƙi ta. Ba Musulma ba ce, ga wani ruwan kifi da take zubawa a abinci, warinsa har cikin mayafina. Na ce sai dai ta fitar da kwalbar. Ta shinshina daddawata, ta toshe hanci, ta nuna min ƙofa ita ma. Sai muka fashe da dariya. Da guntun Larabcin 'yan aiki muke magana, sauran da hannu. In na tayar da salla sai ta kashe wayarta ta zauna shiru. Mama Asabe take kirana, ko da yake bai fi shekara goma na ba ta ba.

'Ya'yanta biyu, mace da namiji, suna wajen kakarsu a wani ƙauyen masu noman shinkafa kusa da kan iyaka. Namijin sunansa Ton. Ya gama sakandare, ya koyi walda. Kullum da hantsi sai ya kira ta a bidiyo, ya haɗa tafukan hannunsa ya rusuna min, ya ce "Sannu Mama" da irin Hausar da na koya masa, kamar mai tauna goro.

A bakin Buwa na ji yadda ake ɗaukar soja a ƙasarsu. Duk namijin da ya kai shekara ashirin da ɗaya sai ya je a auna shi. In lafiyarsa ƙalau, sai ya sa hannu a cikin akwati ya zaro kati. Baƙi, ya tafi gida, an gama da shi har abada. Ja, shekara biyu a bariki. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Buwa, a garinmu sai ka san wani wanda ya san wani kafin a ɗauke ka soja, ku kuma suma kuke yi don kada a ɗauke ku?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce sojojin ƙasarsu sun sha karɓe mulki, na ce ashe kakanmu ɗaya. Lokacin zaɓensu ma ni na raka ta unguwar ofisoshin jakadanci, Malam Sabo direban Ummu Fahad ya kai mu, aka duba iƙamarmu, wato katin zaman ƙasa, a ƙofa har sau biyu. Ta jefa wa waɗanda suka ce za su soke zaren katin. Suka fi kowa ƙuri'a, aka yi ta ƙulle-ƙulle, wasu suka hau. Akwatin yana nan inda yake.

Shekarar da Ton ya kai, cikin azumi ne, ɗinkin Salla ya taso mu a gaba. Wata safiya Buwa ta ajiye almakashi ta ce, "Mama Asabe, akwai wata hanya. Tun da ya gama sakandare, in ya kai kansa da kansa bai jira akwati ba, shekara ɗaya kawai zai yi. In ya zara ya samu ja, biyu cif."

Na ce, "In ya zaro baƙi fa?"

"Babu ko kwana ɗaya."

"Wanne ya fi yawa a akwatin?"

"An ce bana a gundumarmu baƙi ya fi yawa."

"To me kike jira?"

Ta ce, "Ni ina so ya kai kansa. Shekara ɗaya zan iya jurewa. Shi ma ya ce abin da na ce shi zai yi."

Ku ji abin da na faɗa mata, don ban manta ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Ke dai matsoraciya ce. Wa ya taɓa ɗaukar ɗansa ya miƙa tun ba a tambaye shi ba? Ni na sayar da injina ban san abin da zan tarar ba, ga ni. Bar yaro ya zara. In ya fito baƙi, Malam Sabo ya ce ana neman masu walda a Sulai, unguwar masana'antu ta Riyad, sai ki jawo shi nan kusa da ke, kina ganinsa duk Juma'a." Kwana uku ina yi mata wannan waƙar, a kan keke, a kan matakala, a ɗaki. Na san yadda ake juya mutum, sana'ata ce tun ina zaure. A rana ta huɗu ta kira shi, ta yi magana da yarensu. Da ta ajiye wayar ta ce, "Zai zara."

Ranar zaren katin, rana ta take a Riyad, can kuma ta karkata. Ƙanwarsa ce ta riƙe wayar. Wani babban zaure, samari zaune a ƙasa layi-layi ba riguna, iyaye a bayan igiya, har da masu ganga. Wani soja yana riƙe da lasifika. Yaro ya zaro, a ce baƙi, dangi su ɓarke da ihu, a ɗaga shi sama. Wani ya zaro ja ya zube, sojoji biyu suka tallafe shi. Muka tsayar da kekuna duka, har wasu 'yan Filifin biyu da muke aiki tare, da Ummu Fahad. Ina azumi, ina ta salati a zuci. Aka kira Ton. Ya haɗa hannuwa ya taɓa goshi, ya zura hannu, ya daɗe yana laluba. Sojan ya warware takardar ya faɗi kalma ɗaya. Ban san yarensu ba, amma na ga fuskar Buwa.

Yaron bai faɗi ba. Ya juyo wajen wayar yana murmushi, wai don uwarsa. Buwa ta miƙe ta koma kan kekenta ta ci gaba da rigar da take yi. Na bi ta na ce, "Shekara biyu kamar gobe ne." Ta ce, "Na'am, Mama."

Daga satin da ya shiga bariki ta yanki wani farin ƙyalle siriri, duk Juma'a ta yi masa ɗinki ɗaya da baƙin zare, ta mayar aljihun keke. Na sha ganinta tana yi, ban taɓa karɓa na duba ba. Yaron yana kira in an ba su waya, an aske shi ƙwal, ya yi baƙi, ya ce "Sannu Mama." Akwai wata Juma'a bayan shekara ta zagayo da ta ƙi cin abinci, ta kwanta ta juya wa ɗakin baya. Na ce ko ruwan kifin ne ya ƙare? Ta ce kanta ke ciwo. Na ba ta magani na fita yawona kasuwa.

Bayan Babbar Salla rigima ta tashi a kan iyakarsu da maƙwabta. Tsohuwar gardama ce a kan wasu tsofaffin ɗakunan ibada na dutse da ke kan tudu, kowa ya ce nasa ne. Aka fara da cacar baki, aka koma manyan bindigogi. Aka kwashe ƙauyensu Buwa zuwa wata makaranta, tsohuwa da jikarta suna kwana a kan tabarma. Ton kuwa wayarsa ta daina shiga. Kwana huɗu Buwa tana ɗinki da waya a cinya. A na biyar, da misalin goma na safe, ƙanwarsa ta kira, an kashe Ton. Buwa ba ta yi ihu ba. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa cikin guntayen yadi, tana tsince su ɗaya-ɗaya tana jerawa.

Ummu Fahad ta yi kuka da gaske, amma da aka zo maganar tafiya sai ta ce, "Rigunan biki tara ne a hannunta, ta bari ƙarshen wata." Na ɗauki almakashina na ajiye a gabanta. Na ce, "Madam, yau za ki buga mata izinin fita."

"Wa zai gama rigunan?"

"Ni."

"Ke ba ki iya aikinta ba."

"To ki kore mu tare. Ɗanki Fahad yana nan yana shan shayi a mota. Kalli Buwa."

Ta kalle ta. Kafin la'asar an gama komai.

Ni na haɗa mata jaka. Ta ce min za a ƙone shi ne, haka addininsu yake, za a lulluɓe akwatin da tuta, manya za su zo. Da a da ne da na yi magana. Na riƙe bakina. A filin jirgi na kama hannunta na ce, "Buwa, ni ce na..." Ta sa tafinta ta rufe min baki. Ta ce, "Mama Asabe, shi ya zara." Ta haɗa hannuwa ta rusuna min kamar yadda yake yi, ta shige. Ba ta dawo ba. Na kira, na kira, lambar ta mutu.

Sati biyu bayan haka aka ba ni kekenta don in ƙarasa rigunan. Na jawo aljihun ina neman allura, sai ga ƙyallen. Ban yi boko ba, amma ƙirga ba wanda zai koya min. Na bi shi da yatsa. Baƙi, baƙi, baƙi, har hamsin da ɗaya. Na hamsin da biyu da koren zare ta yi shi, ta maimaita shi har ya yi kauri. Daga nan baƙi ya ci gaba, guda goma sha biyu, ya tsaya. Hamsin da biyu shekara ɗaya ke nan. Ita ce Juma'ar da ta ce kanta ke ciwo, ni kuma na tsokane ta da ruwan kifi. Da ta bi zuciyarta, ranar nan yana gida. Wata uku tana kwana ɗaki ɗaya da ni da wannan a cikinta, tana dafa min shayi, ba ta taɓa ce min uffan ba.

Na je wajen wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a can, na faɗa masa duka. Ya ce, "Hajiya, ajali ba ya gaba ba ya baya, ba bakinki ya kashe shi ba." Na sani. Na yi imani da haka tun kafin a haife shi. Amma na san kuma uwa ta zo min da abin da zuciyarta ta faɗa mata a kan ɗanta, ni na kira ta matsoraciya. Na gama rigunan tara, na ƙarasa shekarar, na ce wa Ummu Fahad ta sallame ni. Na dawo da abin da na gyara rufin nan, da keken da kuke gani, da wannan.

Miƙo min jakar nan ta ƙarƙashin filo, Nura. Ungo, Rukayya, riƙe shi da kyau, kada ki ja zaren. Ban sani ba ko mantawa ta yi da shi, ko bar min ta yi. Kullum sai na tambayi kaina.

Duk abin da na sani na Riyad zan faɗa miki, daɗinsa da ɗacinsa, har yadda ake gane ejan maƙaryaci. In tafiya kika zaɓa zan raka ki tasha, in karatu ne zan ɗinka miki farar riga da hannuna. Amma in ce miki yi kaza, a'a. Je ki ki yi alwala ki tambayi Mai shi, ki saurari abin da zuciyarki ta ce. Kin kai kan koren? To ci gaba, saura goma sha biyu.