A Sauke Ni Daga Sikeli

Salamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Malam Liman, Malam Bakoji na mishan, Ardo Yero, masu kaɗanya na Damari da Gwaska, da Bature in yana nan, in ba ya nan alhamdu lillahi.

Ni ce Habiba mai man kaɗe. Ni na faɗa, Malam Ibrahim ya rubuta, shi ke karanta muku. Ni ina bayan tsamiya, kada a neme ni.

Na farko, godiya. Shekara da shekaru, buhun kaɗanyar da ya durƙusar da jaki, in ya hau sikelin akawun kamfani sai ya koma auduga. Mutanen mishan da na masallaci suka haɗa hannu aka sayo namu. Allah ya saka musu.

Na biyu, kuka. Ranar gwajin sikelin biyu, aka nemi abin da akawu ba zai ce an jiƙa shi ko an zuba masa yashi ba. Malam Bakoji ya ce, "Iya, ke za ki hau." Na ce ɗan nan, ni awon mutum na sani sai ranar ƙiyama. Aka ɗora ni a namu ina salati. Aka ɗora ni a na kamfani, nan take na rame da nauyin akuya guda. Akawu ya ce tsoro ne ya cinye ni. Hakimi ya sa aka gyara sikelin akawu.

Yanzu namu yana yawon ƙauyuka, ni ce ma'aunin garin nan. Kowace kasuwa sai na hau na kamfani, a ga ko yana daidai, kafin buhu ya hau. An hana ni ƙiba, an hana ni rama. In tuwo ya yi daɗi, 'yata Ruƙayyatu ta janye akushi, wai kada in cuci talakawa. In na ɗauki azumin nafila, Liman ya aiko, wai kada in shiga haƙƙin kamfani. Kuma na lura, duk abin da ya hau sikelin nan, a yi masa lamba da alli, mota ta kwashe sai Ikko. Jiya akawu ya daɗe yana kallon bayana, da alli a hannunsa.

Na uku, roƙo. Ga dutsen niƙana na gado, na ba gari, a riƙa ɗora shi a maimakona. Ba ya cin tuwo, ba ya azumi, in an kai shi Ikko ba ya da jikoki.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara haɗa kanmu, ya sa kaɗanya ta yi 'ya'ya. Allah ya sa awon da ya rage mini na lahira ne, kuma kada akawu ya tsaya kusa.

Na gode.